Goma ta fi ashirin: lissafin zaɓen sana'a a gonar cikin waya

Ranar da ruwan sama ya kwanta a layinmu na Adakpamé a Lome har 'yan zemijan, masu haya da babur, suka ƙi shigowa, ɗan ƙanwata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, kai da kake son lissafi, wanne zan taɓa?" Hotuna biyu ne a jere, da rubutun Faransanci a ƙarƙashin kowanne. Ɗaya ya ce kayan da ake samu daga dabbobi za su ƙara daraja da kashi 20 cikin 100. Ɗayan ya ce amfanin gona zai ƙara da kashi 10. Wasan ya tsaya cak, ba zai motsa ba sai an zaɓa. Yatsan yaron yana ta shawagi a kan 20. Na ce ya dakata, ya ɗauko mini biro da bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa.

Sunan wasan Stardew Valley. Wani Ba'amurke mai suna Eric Barone ne ya yi shi, shi kaɗai, daga zane har kiɗa, cikin shekara huɗu da rabi, ya fitar da shi ranar 26 ga Fabrairu 2016. Ya iso wayoyin Android a Maris 2019, shekarar da aka ƙara masa Faransanci, abin da ya sa yaran Lome ke iya karanta shi. An sayar da kwafi miliyan 1 cikin wata biyu na farko, miliyan 10 zuwa Janairu 2020, miliyan 20 a 2022, ya haura miliyan 41 a Disamba 2024. Ƙidayar Togo ta 2022 ta sami mutum 8,095,498, wato kwafin da aka sayar sun ninka mu sau biyar.

Labarin ba shi da wuya. Ka gaji gonar kakanka da ta cika da ciyawa da duwatsu, an ba ka zinariya 500, kuɗin wasan ke nan, da iri 15 na wata saiwa mai kama da farin karas. Shekara lokuta huɗu ce, kowanne kwana 28, jimla 112. Kwana guda yana cin kusan minti 14 na agogonka, saboda haka lokaci guda awa shida da rabi ne, in batir ya yarda. Fannoni biyar kake gogewa a kai: noma, su, haƙar ma'adinai, tsintar kayan daji, da faɗa. Kowanne yana da mataki 10. A mataki na 5 a ba ka zaɓi tsakanin sana'a biyu, a na 10 a sake ba ka biyu, amma biyun ƙarshen sun dogara da abin da ka ɗauka tun farko. Sana'a 30 ke nan gaba ɗaya, hanya huɗu a kowane fanni, in ka jera huɗu sau biyar ka ninka su da juna ka sami salo 1,024 da mutum zai iya ƙarewa da shi.

Ɗan Zango bai kamata wannan tsarin ya zame masa baƙo ba. Michel Agier, wanda ya fitar da littafi a 1983 kan 'yan kasuwar Zangon Lome, ya nuna yadda harkar ta ginu a kan maigida da yaransa. Yaron da ya shiga hannun maigidan shanu, dillanci ko fawa ne a gabansa. Wanda ya shiga hannun mai goro, huhu da sikeli zai sani. Ƙofar farko ce ke yanke irin ƙofofin da za ka tarar a ciki. Abin da wayar ba ta gaya wa yaron ba ke nan: ta nuna masa 20 da 10, ta ɓoye abin da ke bayansu.

Bayan 20, wato Makiyayi, akwai sana'o'i biyu da ba sa ƙara ko sisi a farashi kai tsaye. Ɗaya tana sa kaji da agwagi su saba da kai da wuri, ta kuma rage lokacin ƙyanƙyasa da rabi. Ɗaya tana yin haka ga shanu da awaki, ta sa tumaki su yi gashi da sauri. Bayan 10, wato Manomi, akwai Masanin noma, wanda shukarsa ke saurin nuna da kashi 10, sai kuma wanda wasan ke kira Artisan, mu ce Mai sarrafawa: kusan duk kayan gona da na dabbobi da suka bi ta na'ura suka canza kama, farashinsu ya ƙaru da kashi 40.

Kashi na me?

Kafin ma a kai ga 40, ita kanta goman ba ƙarama ba ce yadda ake gani. Tambayar da na fara rubutawa a takardar ita ce: kashi 20 na nawa, kashi 10 na nawa? Akurkin farko kaji huɗu yake ɗauka, kowace a 800, ginin kansa 4,000 da itace 300 da dutse 100. Ƙwai ƙarami 50 ne, in ka mai da shi mayones ya zama 190. Kaji huɗu, ƙwai huɗu, 760 a rana. Kashi 20 na wannan 152 ne, a kwana 28 ya ba ka 4,256. Yanzu ɗauki kabewa 100. Iri 100 ne kowanne, tana nuna a kwana 13, ana sayar da ita 320. Ka shuka ranar 1 ka girbe ranar 14, ka sake shukawa ka girbe ranar 27. Kabewa 200 ke nan, 64,000. Kashi 10 na wannan 6,400 ne. Goma ta riga ta wuce ashirin, ba don wani sihiri ba, don kawai a farkon wasa gona ta fi akurki girma nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da duk mai talla ta sani ba tare da ta shiga aji ba: ƙari a kan farashi daban, ƙari a kan riba daban, domin uwar kuɗi ba ta motsa ba. Kabewar da ka kashe mata 100 ka sayar 320, ribarta 220. Da Manomi ka sayar 352, riba 252, ƙarin kashi 14 da rabi. Saiwar nan ta farko, iri 20, sayarwa 35, riba 15. Da Manomi 38, riba 18, ƙarin kashi 20 cif. Ɗan tauraro, ɗaya daga cikin amfanin gona mafi tsada a wasan, iri 400, sayarwa 750, riba 350. Da Manomi 825, riba 425, sama da kashi 21. Iyakar kason da iri ya ci a farashin, iyakar nauyin wannan goman.

Sai dai in yi wa Makiyayi adalci. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma mataki na 10 yana da nisa. Mataki na 5 maki 2,150 yake buƙata, na 10 kuwa 15,000. Wanda ya kai na 5 yana ganin ya yi rabin tafiya, alhali kashi 14 kawai ya ci. Saura 12,850, kusan ninki shida na abin da ya tara. Makin ma ba ya bin farashi sau da ƙafa. Saiwar 35 tana ba da maki 8, kabewar 320 ta ba da 31, ɗan tauraro na 750 ya ba da 43, shafa kan dabba guda 5. Farashi ya ninka sau 21, maki sau biyar da 'yan kai. Wanda ya fi son kiwo, gonarsa ƙarama, zai daɗe a tsakanin 5 da 10, kuma duk tsawon wannan zaman 20 ɗinsa tana shiga aljihu kullum.

Amma da zarar an isa, magana ta ƙare, kuma abin dariyar shi ne a fagen Makiyayi ake kayar da shi. Madara 125 ce, cuku 230. Makiyayi ya sayar da cukun 276, Mai sarrafawa 322. Mayones 228 da 266. Cukun akuya 400 ne, 480 da 560. Wato ko shanu da awaki ne dukiyarka, muddin ba ɗanyar madara za ka riƙa kaiwa ba, hanyar da ta fara da shuka ta fi biya. Matan Fulani da ke kawo wagashi kasuwannin Lome ba su jira wani wasa ya koya musu wannan ba. Barone kansa ya ga ratar. A gyaran da ya fitar a Oktoba 2016 ya ɗaga Makiyayi daga 10 zuwa 20, ya sauke Mai sarrafawa daga 50 zuwa 40, ya kuma rage farashin wasu 'ya'yan itatuwa da mutane suka tare a kansu. Ratar ta ragu, ba ta rufe ba.

Masanin noma shi ne wanda ya fi yaudarar ido. Saurin kashi 10 kamar zai kawo ƙarin girbi kashi 10, amma kwana 28 katanga ce, ko ka tsallake ta ko ba ka tsallake ba. Ɗan tauraro kwana 13 yake yi: girbi ranar 14 da ranar 27, sau biyu. Da Masanin noma ya koma kwana 11: ranar 12 da ranar 23, na uku zai faɗa ranar 34, bayan lokacin ya juya shukar ta bushe. Sau biyun dai. In ka sa takin sauri mai kashi 25, kwana 9: ranar 10, 19, 28, sau uku ba tare da wata sana'a ba. Ka haɗa takin da sana'ar, kwana 8: ranar 9, 17, 25. Ukun dai. Ga shukar da ke ta 'ya'ya bayan girbin farko, kamar tumatir mai sakewa duk kwana 4, saurin bai shafi sakewar ba sam. Ka sayi agogo mai gudu, jirgin kuwa lokacinsa bai canza ba.

Ganga ko tulu

A nan ne uwar yaron, da ke tankaɗe a bakin ƙofa tana jinmu, ta sa baki. "Yaya, ba wannan ne wasan da na ji ana cewa ana dafa giya da kiwon alade a ciki ba?" Shi ne. Kuma gaskiya hanyar da 'yan wasa a duniya suka fi bi don tara kuɗi ita ce zuba 'ya'yan itace a ganga su zama giya. Hukuncin giyar da ba ta wuce zane a fuskar waya ba na bar wa malamai. Ta riga ta yanke nata: ba a gidanta ba. Abin da ya rage mini shi ne in auna nawa wannan sharaɗin zai ci.

Ƙa'idojin uku ne. Ganga tana ninka farashin ɗan itace sau 3, ta ninka na kayan lambu sau 2.25 ta ba da ruwansu, wanda ba ya bugarwa. Tulu kuwa, mai yin jam da tsimin kayan lambu, yana ninkawa sau 2 ya ɗora 50. Wannan hamsin ɗin ce sirrin. A kan abu mai tsada ba ta da nauyi, a kan mai araha ita ce rabin kuɗin. Mahaɗar tana kan 50 ga 'ya'yan itace, tana kan 200 ga kayan lambu: ƙasa da nan tulu ya fi, sama da nan ganga. Barkono, wanda wasan ya lissafa cikin 'ya'yan itace, 40 ne. A ganga 120, a tulu 130, da Mai sarrafawa 182, ninki huɗu da rabi na ɗanyensa. Tumatir 60 ne: ruwansa 189, tsiminsa 238. Kabewa ta haye 200, don haka ruwanta ya fi, 1,008 a kan 966, ga wadda ɗanyarta ba ta wuce 352 ba.

Ɗan tauraro ne ainihin wurin gwaji. Giyarsa 2,250 ce, da Mai sarrafawa 3,150. Jam ɗinsa 1,550, da Mai sarrafawa 2,170. A kowane ɗa guda an bar 980 a ƙasa, kashi 31. Yaron ya ɓata fuska. Na ce ya jira, ba mu sa lokaci a lissafin ba. Ganga tana ɗaukar minti 10,000 na agogon wasan, tulu 4,000, kuma kwana guda minti 1,600 ne ga na'ura. Ganga kwana shida da kwata, a aikace mako guda. Tulu kwana biyu da rabi, a aikace uku. Cikin kwana 28 ganga ta juya sau 4, tulu sau 9. Cire 825 da za ka samu in ka sayar da shi ɗanye. Ganga ta ƙara maka 2,325 sau 4, wato 9,300. Tulu ya ƙara 1,345 sau 9, wato 12,105. Na'ura da na'ura, tulu ne a gaba da 2,805.

Lissafin biyu duk daidai ne, abin dubawa shi ne me ya yi maka ƙaranci. In 'ya'yan ne kaɗan, na'urori birjik, ganga ta fi. In amfanin gona ya yi maka yawa, na'urorin ne ba su isa ba, tulu ya fi, kuma halin da yawancin masu wasa ke ciki ke nan a shekara ta farko da ta biyu. Ga shi kuma ana koyon haɗa tulu tun a mataki na 4, ganga sai na 8. Inda giya ta yi zarra ba gardama shi ne ɗakin ƙasa, wanda ake ginawa a 100,000: a can tana kwana 56 ta ninka, 3,150 ta koma 6,300. Cukun akuya yana ninkawa a kwana 14, 560 ya koma 1,120. Ƙarin 56 a rana ke nan ga ɗaya, 40 ga ɗayan. Akwai rata, amma ba wadda za ta hana yaro barci ba. Alade kuma 16,000 ake sayensa, kuɗin awaki huɗu. A madadinsa akwai zuma: ta fure mafi tsada 680 ce, 952 da Mai sarrafawa, kowane kwana 4, ba ciyarwa ba shara.

In mutum ya yi kuskure fa? Akwai mutum-mutumi a magudanar ƙarƙashin garin, wanda ba a samun makullinta sai an kai kaya 60 gidan tarihi. Ka biya 10,000 ka sake zaɓen fanni guda. Wasu suna dabarar ɗaukar Makiyayi tukuna, su sauya in sun kai mataki na 10. Don dabarar ta mai da kuɗinta, sai ka sayar da kayan dabbobi na 50,000 a tsakani, kusan mayones 263, kwana 66 da kaji huɗu, kuma ba a cire goman da ka rasa a gona ba. Ga wanda ya riga ya kai 10 a hanyar kiwo kuwa, sauyawar tana biyan kanta da cuku 218, ko jam ɗin ɗan tauraro 17 kacal.

Sauran fannonin huɗu ba su kai wannan ɗaure kai ba, sai dai kowanne da irin tarkonsa na "kashi". A su, 25 ce a mataki na 5, 50 a na 10, amma ta biyun maye gurbin ta farkon take yi, ba 75 ba ce. A faɗa akasin haka: 10 da 15 suna hawa kan juna su ba da kusan 26 da rabi. Ɗayar hanyar faɗan ta yi alkawarin ƙara damar mummunan sara da kashi 50, yaron ya ɗauka rabin saransa zai zama haka. Kashi 50 ne na damar da kake da ita, wadda a yawancin takubba 2 ce cikin 100. Ta koma 3. A tsintar kayan daji, damar samun biyu a madadin ɗaya 20 ce cikin 100, kuma bayanta akwai sana'ar da ke sa duk abin da ka tsinta ya zo a daraja mafi girma, ninki biyu na farashi. Wannan ba ta buƙatar biro.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan mun gama shi ne alƙaluman da babu su a wasan. Kabewa ta farko 320, ta dubu ma 320. Kasuwa ba ta cika, tumatir ba ya ruɓewa a akwati ko ya shekara, ruwan sama alheri ne kawai, yana hutar da kai ban-ruwa. Masu lambun da ke kan yashin bakin teku gabas da tashar jirgin ruwan Lome, masu latas da karas da albasa, suna noma a yankin da damina biyu ce a shekara, kuma ranar da kowa ya girbe tare ranar ce farashi ke faɗuwa. A wurinsu sarrafawa ba ƙarin kashi 40 ba ce, hanyar tsira ce daga sayar da kaya a ranar da ba ka so. Rogo ya zama gari, gyaɗa ta zama mai da ƙuli-ƙuli, nama ya zama kilishi, kowanne ya sayi lokaci. Gwamnatin Togo ma lissafin da ta yi ke nan da ta buɗe rukunin masana'antu na Adétikopé a Yuni 2021, don auduga da waken soya su daina fita ɗanye. Wasan ya kama rabin maganar, cewa kuɗin yana wurin mai na'ura. Ƙanwata, wadda ta san yadda kwandon tumatir ke kwana lafiya ya tashi ruwa, ta ce in da tuluna irin waɗannan a Adakpamé da ta daɗe da barin tankaɗe.

Yaron ya taɓa 10. Bayan mako uku na tarar da shi a mataki na 7, maki 4,800, saura 10,200 kafin ya ga 40 ɗin da na yi masa alkawari. Yana son jera tulu 20, kowanne itace 50, dutse 40, gawayi 8. Itace 1,000 da dutse 800 ya ce zai tara da hannunsa. Gawayi 160 ne ya tsaya masa, domin maƙerin garin yana sayar da shi 150 a shekarar farko, 250 daga ta biyu, shi kuma ya riga ya shiga ta biyu: 40,000. A haƙar ma'adinai akwai sana'ar da ke ninka damar samun gawayi, tana bayan ƙofar da bai ɗauka ba, domin wannan zaɓen ya yi shi tun kafin ranar ruwan, bai tambayi kowa ba. Ya sake miƙo mini biron.